Dam ɗin Weija kare mu yake yi ko cinye mu? Amsa ga wani ɗan'uwa daga Tetegu

"Salamu alaikum Injiniya. Ni ɗan Nima ne amma shekara uku ke nan ina haya a wajen Tetegu ni da iyalina. Kusan duk damina sai an ce za a buɗe dam mu kwashe kaya, wani lokaci ko ɗigon ruwan sama ba a yi a nan ba amma ka wayi gari ruwa na cikin ɗaki. To ni abin da ban gane ba, ba don tare ruwa ake gina dam ba? Me ya sa ba za su riƙe shi ba? Kuma wa ke duba lafiyarsa, ba zai fashe mana wata rana kamar na Maiduguri ba? Yanzu haka an yi min tayin fuloti da araha a nan kusa, yayana ya ce kar in kuskura. Sannan akwai wani ɗan ƙaramin dam da wani mai gona ya yi a bayan gidan surukaina a hanyar Nsawam, irin wannan ma akwai mai duba shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da abin da ruwa ya ci. In na fahimce ka da kyau, abin da ke cin ranka shi ne kana kwana a ƙarƙashin wani abu da aka ce maka tare ruwa yake yi, amma kai kullum sakin ruwa kake gani, kuma ba ka san wa ke riƙe da makullin ba.

Bari in fara faɗa maka matsayina don kar ka naɗa min rawanin da ba nawa ba. Ni ba ma'aikacin dam ɗin Weija da ke saman Tetegu ba ne. Aikin da na daɗe ina yi shi ne ƙananan dam na noman rani, yawanci a arewa wajen Bolga da Bawku, awo da gyara da duba bango, daga baya na dawo Ankara, tamu ta Ghana nake nufi ba ta Turkiyya ba, na koma aikin magudanai. Kuma a Maamobi na tashi, ba nisa da babban gota, don haka kwashe katifa da tsakar dare ba labari aka ba ni ba.

Randa biyu

Ka ɗauka akwai randa biyu a gidanka. Ɗaya ta ruwan sha ce, uwargida ba ta yarda ta yi ƙasa, da ta ga ta ragu sai a cika. Ɗayar kuma ka ajiye ta ƙarƙashin indararo don in an yi ruwa ta tare, kar tsakar gida ta jiƙe. Wannan ta biyun amfaninta shi ne ta zauna ba komai a ciki, ranar da hadari ya same ta a cike to ba ta da wani amfani, ruwa zai bi ta kanta ya wuce kamar ba ta nan. To dam ma haka yake. Akwai wanda aka gina don ajiye ruwa, akwai wanda aka gina don jiran ambaliya, kuma randa ɗaya ba ta iya zama a cike kuma ta zama babu komai a lokaci guda.

Weija randar sha ce. An gama shi a 1978 a kan kogin Densu, kamfanin Ghana Water ke riƙe da shi, kuma daga nan ake tace ruwan da yammacin Ankara ke sha, su Dansoman, Kaneshie, Odorkor, Mallam, Sukura har Kasoa. Gabashin gari kuma yawanci daga Kpong ake turo musu. Yanzu ka sa kanka a kujerar mai kula da shi. In a watan Afrilu ya ce bari in zubar da rabin ruwan in jira damina, sai damina ta zo da rowa, to kafin Janairu rabin gari na yawon neman ruwa da jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor ana tsine masa a rediyo. In kuma ya riƙe ruwan ya cika, sai aka tafka ruwa kwana biyu a jere, dole ya buɗe, ku na Tetegu da Oblogo ku tsine masa. Ko ina ya juya akwai mai zaginsa, amma aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne na farkon, ba da ruwan sha.

Lissafin da kamfanin da kansa ya bayar a 2022 shi ne iyakar da ruwan ya kamata ya kai ƙafa 48 ce, kuma sukan fara saki tun yana wajen ƙafa 46 da rabi. Ka duba tazarar, ƙafa ɗaya da rabi, da ƙyar ta kai gwiwar babban mutum. Eh, a kan tafki mai faɗi haka ruwa ne mai yawa, amma shi ke nan wurin da ya rage na tarbar baƙon ruwa. A farkon Oktoban 2022, wanda na san ba ka manta ba, ruwan ya kai ƙafa 49 da rabi, ya wuce iyaka ke nan, aka buɗe ƙofofi huɗu. Daga nan ba sauran maganar zaɓi.

Ruwan da bai sauka a kanka ba

Maganar cewa ba a yi ruwa a Tetegu ba amma ɗaki ya cika, wannan ba sihiri ba ne kuma ba mugunta ba ce. Densu daga duwatsun Atewa yake tasowa can Jihar Gabas, ya bi ta wajen Koforidua, ya ratsa Nsawam, tafiyar kusan kilomita 116 kafin ya faɗa teku, kuma ƙasar da duk ruwanta ke gangarowa cikinsa ta kai wajen murabba'in kilomita 2,500. Yi wannan ɗan lissafin tare da ni, misali ne kawai. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ne cif. To in aka yi milimita 50 a kan murabba'in kilomita 1,000, ƙasa ta shanye kashi huɗu cikin biyar ma, abin da ya rage lita biliyan 10 ne, kuma duk ƙofa ɗaya gare shi, Weija. In kuwa ƙasar ta riga ta ƙoshi saboda an yi sati ana ruwa, ba za ta shanye ko kusa da haka ba. Shi ya sa ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba take yawan ba mutane mamaki, kowa ya saki jiki Yuni ya wuce, alhali dam na cike tun Yuli, ƙasa na jiƙe, kowane ɗigo kai tsaye yake zuwa.

Ga kuma gini. Wanda ya san hanyar Pokuase da Amasaman zuwa Nsawam shekara talatin baya ya san daji ne da gonaki. Yau kwano ne da tayil da kwalta. Ruwan da da sai ya tsaya a ciyawa ya nutse a hankali, yanzu daga kan kwano sai gota sai rafi, cikin ɗan lokaci ya iso, kuma yana zuwa da laka da yashi yana zubewa a gindin tafkin, randar na ƙara zama ƙarama ba tare da kowa ya gani ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne dam ba ya haifar ruwa. A ranar babbar ambaliya abin da ake saki kusan shi ne abin da ke shigowa, da babu dam ɗin ma wannan ruwan ta ƙofar gidanka zai bi. Amma ba zan wanke dam tas ba, akwai laifinsa guda biyu. Na farko, yana shanye ƙananan ambaliya na farkon damina, sai a yi shekara uku huɗu fadama ba ta cika ba, sai mutane su ce ai wurin ya bushe, a yanka fulotai. Wato ya kare ka daga ƙaramin ruwa har ya yaudare ka ka shiga hanyar babba. Na biyu, yadda aka buɗe yana da tasiri sosai. Sakin kaɗan kaɗan tun da wuri daban yake da a jira sai ya kai wuya a wangale ƙofofi da dare. Nan ne nake ganin mutanen ƙasan dam ke da haƙƙin ɗaga murya, a sa sandunan awo da na'urori a sama wajen Nsawam da gaba, a riƙa aiki da hasashen masu duba yanayi, a sanar da mutane da rana tsaka ba sai ruwa na bakin ƙofa ba. Wannan koke ne mai ma'ana. Amma cewa kar a buɗe sam, wannan addu'ar da ba ka so a amsa ce.

In aka ƙi buɗewa

Dam irin wannan jikinsa ƙasa ce da duwatsu aka danne, wajen ƙofofin ne kankare. Bangon ƙasa yana iya riƙe ruwa a gabansa shekara ɗari, abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya bi ta kansa. Da ya fara tsallakawa sai ya soma cin bayan bangon, ya yi ɗan kwari, kwarin ya jawo ƙarin ruwa, ƙarin ruwan ya faɗaɗa kwarin, cikin awa kaɗan abin da aka shekara ana tarawa ya fita gaba ɗaya. Ruwan ƙofa yana hawa ne a hankali, ya ba ka lokacin ɗaukar yara da takardu. Ruwan fashewa bango ne ke tafiya.

Kuma ba sai mun je nesa ba, a Weija ɗin nan akwai tsohon dam kafin wannan, ruwa ya tafi da shi a 1968, na yanzu madadinsa ne. 'Yan'uwanmu na Kano ba su manta Bagauda ba a Agustan 1988. Na Maiduguri da ka ambata, wato dam ɗin Alau, Satumban 2024 ne, ya shanye babban ɓangare na garin. Derna ta Libiya a 2023 dam biyu ne suka tafi a dare ɗaya, mutane dubbai suka rasu. Ko Akosombo, babban dam ɗin kogin Volta, da duk girmansa, da ruwa ya matsa masa a Satumba da Oktoban 2023 sai da aka saki, Mepe da garuruwan ƙasansa suka nutse, mutum sama da 30,000 suka bar gidajensu, kuma duk da wannan ɓarnar ba injiniyan da zai ce maka gara da an riƙe.

Rabin matsalarku ma ba a dam take ba

Tana ƙasa, tsakaninku da teku. Inda kake zaune bakin Densu ne, fadama ce da tafkuna da filin gishiri, tun 1992 aka sa ta cikin wuraren dausayi da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Aikin da Allah ya yi wa wurin shi ne ruwa ya bazu ya huta kafin ya shiga teku. Kowace tifa ta marmara da wani ya zuba ya ɗaga fulotinsa, ruwan da ke kwana a nan sai ya koma gidan maƙwabci, shi ma ya zuba tasa, haka ake ta yi har aka matse kogin ya zama kamar lungu. Sannan bakin kogin kansa teku kan toshe shi da yashi, in ba a kawo katafila an yanka ba kafin a saki ruwa, ko sakin ya zo daidai lokacin da teku ta cika ta turo, to ruwan ba shi da wurin zuwa sai ɗakinka. Ni a ganina yanka bakin nan a kan lokaci da yashe hanyar ruwa zai rage muku wahala fiye da duk wata rigima a kan ƙofa nawa aka buɗe.

Kai ɗan Nima ne, ka tuna 3 ga Yunin 2015 a Circle cikin Ankara, ambaliya da gobarar gidan mai, rai sama da 150. Wane dam aka buɗe ranar? Babu. Odaw ce, rafin da ke ratsa tsakiyar gari, ta cika, da ruwan gotocinmu da bolarmu. Abin mamaki ma, a can ne ake bukatar randa ta biyu, tafkin da za a bari a bushe ya tare ruwa na awa kaɗan ya sake shi a hankali. A shirin GARID na rage ambaliya a Ankara da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019 an tsara irin waɗannan a saman Odaw wajen Atomic. Tunanin daidai ne. Wahalarsa ita ce a Ankara fili in ya zauna ba komai wata goma a shekara, ko a sayar da shi ko ya zama juji.

Wa ke duba lafiyar dam

A doka, mai dam shi ne na farko, shi ke da alhakin kula da gyara da sanarwa. A samansa akwai hukumar albarkatun ruwa ta ƙasa, WRC, da aka kafa da dokar 1996, kuma a 2016 aka yi ƙa'idojin lafiyar dam, L.I. 2236, da sashe na musamman a ƙarƙashin hukumar. Ƙa'idojin sun ce a yi wa dam rajista da lasisi, a sa shi a aji gwargwadon haɗarinsa, a riƙa dubawa, kuma a tanadi tsarin abin da za a yi in abu ya ɓaci. NADMO, hukumar agajin gaggawa, nata shi ne gargaɗi da kwashe mutane da agaji, asambule, wato ƙananan hukumomi, kamar Weija-Gbawe da Ga ta Kudu su ke ba da famit ɗin gini, akwai masu hasashen yanayi, akwai hukumar magudanai da awon ruwa da aka ɗaga matsayinta a 2022. Ka ga hannu da yawa. Matsalar hannu da yawa ita ce mai buɗe ƙofa ba shi ke ba da famit ba, mai ba da famit ba shi ke yanka bakin teku ba, ranar da ruwa ya ci gida kowa na da wanda zai nuna.

Duba dam kuwa ba tsayawa a kai a ɗauki hoto ba ne. Akwai bututun da ake binnewa cikin bango ana auna yadda ruwa ya ratsa shi, akwai wurin da ake tara ɗan yoyon da ke fita a gindi a auna yawansa a duba launinsa, akwai alamomin da safiyo ke bi ya ga ko bango ya zauna ko ya gusa. Ƙofofin kuma dole a riƙa gwada su da rani, a sa giris, a tabbatar janareto na tashi, don ranar hadari ce wuta ke ɗaukewa, kuma ƙofar da ta ƙi ɗaguwa ta fi komai haɗari. A Weija akwai ƙarin abu ɗaya, yankin nan da McCarthy Hill wurin motsin ƙasa ne, girgizar 1939 ta yi ɓarna sosai a Ankara, kuma ƙanana na zuwa jefi jefi, don haka fasa dutse da yankan tudu a gini kusa da bangon ba abin wasa ba ne.

Zai fashe? Ba zan ba ka takardar shaida daga waya ba, wanda ke riƙe da littafin awo ne kaɗai zai iya. Abin da zan ce shi ne dam da rabin babban birni ke sha daga gare shi yana da ma'aikata dare da rana da idon gwamnati da na 'yan jarida, kuma buɗewar nan da ke ba ku haushi alama ce ta cewa ƙofofin na aiki kuma akwai mai kallon sandar awo. In kuna so ku wuce zato, ku haɗu da asambuliman ɗinku, wato kansila, da limamai da sarkin zango ku rubuta ku nemi a nuna muku taswirar inda ruwa ke kaiwa da tsarin gaggawa, dokar neman bayani ta 2019 ta ba ku wannan damar. Takarda mai sa hannun mutum ɗari ta fi ihu a rediyo.

Na surukanka ya fi ba ni tsoro

Wallahi da na karanta saƙonka, layin ƙarshen nan ne ya tsayar da ni. Tare rafi ba abu ne da mutum ke yi don gonarsa ce kawai ba, yana bukatar izinin WRC da na hukumar muhalli. Amma a aikace da yawa mai katafila ne aka ba kwana uku ya tura ƙasa ya tara, ba a danne ta hawa hawa ba, ba a sa yumɓu a tsakiya ba, mafitar ruwa kuma ɗan rami ne a gefe in ma an yi. Ba wanda ya san da shi a ofis sai ranar da ya tafi. A Solai ta Kenya a Mayun 2018 dam ɗin gona ne na wani mai zaman kansa ya fashe da dare, mutum sama da 40 suka rasu. Ba girman bango ake dubawa ba, wa ke kwana a ƙasansa ake dubawa.

Na taɓa zuwa wani ƙauye a arewa duba dam ɗinsu, na tarar sun jera buhunan yashi a bakin mafitar ruwan, layi biyu. Na ce me ya kawo haka, suka ce bara ruwa ya ƙare musu albasa ba ta nuna ba, shi ne suke so ya ƙara taruwa. Ka ga ba mugunta ba ce, yunwa ce. Na yi bayani, aka cire a gabana, na sha ruwa na tafi, ashe ina juya baya aka mayar. Watan Agusta aka yi ruwan dare, da mafita ta toshe sai ya hau ta tsakiyar bangon inda shanu suka riga suka yi hanya ya lotsa. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba don gonaki ne a ƙasa, amma rani biyu suka yi ba noma. Tun daga nan na daina faɗa wa shugaban kwamiti shi kaɗai, sai na tara matan da ke da fili a ƙasan bangon, su ne ba sa bari a mayar da buhu.

Don haka in ka je gaida surukai, ka ɗan zagaya, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Fara da mafita, wato inda ruwa zai fita in ya cika. Akwai ta? A buɗe take, ko ciyawa da raga ta kifi da bulo sun toshe? Ya kamata ta kasance ƙasa da saman bango sosai, ni a ƙananan dam ba na jin daɗi in tazarar ba ta kai mita ɗaya ba. Sai ka hau saman bangon ka bi shi daga wannan kai zuwa wancan, ka ga ko akwai inda ya lotsa, ko tsagewa, musamman wadda ta yanka bangon daga gefen ruwa zuwa baya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Bishiya a jikin bango ba ado ba ce, saiwa in ta ruɓe bututu ta bari. Suri da ramin gafiya su ma haka. Sannan ka sauka bayansa, nan ne labarin yake. In da rani ka ga wani wuri ɗaya kore shar ko ƙasa na nutsewa da ƙafa, ruwa na ratsowa. Ɗan tsattsafo mai haske da ba ya ƙaruwa kusan kowane dam na ƙasa na da shi. Amma in ruwan da ke fitowa ya yi launin koko, yana ɗauke da laka, yau ya fi jiya, to cikin bangon yake kwasowa, wannan ba a jira gobe. A fitar da mutane, a hau tudu ta gefe, kar a bi hanyar rafi, sannan a kira 112 da NADMO ta gunduma.

Game da ambaliya kuma kar surukanka su ɗauka yana kare su. Ruwan farko da na biyu zai tare, da ya cika shi ke nan, abin da ya shigo shi zai fita. Shawarata a fara da lalama, a samu dattijo a je wa mai gonar, shi ma ba ya so jarinsa ya tafi da ruwa, sau da yawa faɗaɗa mafita aikin katafila ne na yini ɗaya. In ya ƙi ji, sai injiniyan asambule da ofishin WRC mai kula da Densu.

Fulotin

Ina bayan yayanka. Ban ga filin ba, mai yiwuwa yana kan ɗan tudu, amma fili kusa da Ankara ba ya araha banza. Kar ka je gani da Janairu, ka je ƙarshen Yuni ko Oktoba. Kar ka tambayi mai sayarwa ko ɗan kamasho, tambayi mai kokon da ta shekara goma a lungun da tsofaffin masunta, ka ce ina ruwan 2022 ya tsaya. Katangun maƙwabta ma za su gaya maka, layin ruwa ba ya ɓoyuwa ko an yi fenti. In ka ga kachala da ramukan ƙaguwa ko farin gishiri a ƙasa, ka san gidan wa ka shigo. In har yanzu ranka na so, biya safiyo ya ɗauko tsayin layin nan na 2022 ya kawo shi kan filin, sai ka ga bulo nawa za ka binne kafin ka kai daɓen ɗaki, ka haɗa da kuɗin tifa da fandisho mai zurfi, ka tuna sokawe, ramin da ke shanye ruwan ban-ɗaki, ba ya aiki inda ruwa ke kusa, kuma ko gidanka ya tsira hanyar zuwa makarantar yara ba za ta tsira ba. Sannan bincike a ofishin filaye, don in ya faɗa cikin Ramsar ko cikin tazarar bakin kogi, wadda tsarin gwamnati na 2011 ya sa tsakanin mita 10 zuwa 60 ga manyan koguna, takardar da wani ya sa maka hannu ba za ta hana katafila ba.

Kafin kuɗin hayarka ya ƙare kuwa, takardu da katin Ghana da na asibiti su zauna a leda a saman durowa, ku san tun yanzu gidan wa za ku a tudu, in an yi sanarwa uwargida da yara su tafi tun da haske kai ka biyo baya, ka kashe mita kafin ruwa ya kai soket, kar kowa ya ratsa ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, bayan ya janye kuma a tafasa na sha saboda shadda ta gauraya da komai.

In ka samu zuwa hanyar Nsawam, ɗauko min hoto uku, mafitar ruwan, saman bangon a tsaye daga gefe ɗaya, da bayansa daga ƙasa inda gidan surukanka ke fitowa a ciki, ka sa wani ya tsaya a gindin bangon don in gane tsayinsa. Ka gaida yayanka.